Kafin Ka Tura Ɗan Wani Cikin Ramin Gidanka

Ɗana, matso kusa mu yi maganar da ba a son yi a majalisa. Maigida ya san damin gero nawa ya rage masa a rumbu, ya san kasuwar da zai kai ragonsa, ya san bashin da yake bin mutane har na dala biyar. Amma tambaye shi yaushe salgar gidansa za ta cika, sai ka ga ya kau da kai. Ba ya tunawa da ita sai ranar da ta ƙi karɓa, wari ya hana iyali zaman tsakar gida, tsutsa ta fara hawowa bakin rami. A ƙasarmu ta Magarya da Dungas wannan rana ta fi faɗowa cikin watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, hannu duk ya tafi gona, aljihu kuma ba komai. A irin wannan matsi ne mutumin kirki yake yanke shawarar da za ta ci ran wani. Shi ya sa nake so ka ji wannan magana tun da sauran rani.

Abu na farko, ka bambanta toshewa da cika, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Salga iri biyu ce a gidajenmu. Akwai ta gargajiya, wadda ake tsugunawa a kan ramin kai tsaye, ko an rufe shi da itace da laka ko da dakalin siminti. Akwai kuma ta zuba ruwa, wadda ta yawaita a sababbin gine-gine: kwanon tangaran, a ƙarƙashinsa wata lanƙwasa mai riƙe ruwa don tare wari, sai bututun da ya nufi rami a waje. In taka ta gargajiya ce, nemi gora mai tsawo da tocila. Tocila na ce, ba ashana ko fitilar ƙwai ba, kuma zan gaya maka dalili. Haska ciki, ka zura gorar a tsakiya, sannan ka karkata ta gefe da gefe. Idan ko'ina ta taɓo ƙazanta a tsawo ɗaya, kuma abin da ya rage zuwa baki bai wuce kamu ɗaya ba, wato rabin mita, to salga ta cika. Idan kuwa tsakiya ce kaɗai ta taso, gefe da sauran zurfi, tsibi ne ya taru daidai ƙarƙashin ƙofar ramin ya bushe. Ramin da sauransa.

Wannan tsibi ba mu kaɗai yake damu ba. A Amurka akwai manyan motocin da iyali ke yawon hutu da su, da gado da wurin girki da makewayi duk a ciki, a ƙarƙashi kuma da tankin da ke tara najasa har a kai inda ake juyewa. In masu motar suka yi rowar ruwa, ko suka bar bakin tankin a buɗe ruwan ya tsiyaye ya bar tauri, sai ƙazantar ta taru a ƙarƙashin kwano ta ƙame, ta toshe hanya. Abin da suke yi shi ne su rufe bakin, su cika ruwa, su bar shi ya kwana ya jiƙa, sannan su motsa. Kai ma haka za ka yi. Zuba bokiti uku ko huɗu da yamma, ka rufe, iyali su yi haƙuri da makewayin maƙwabci na dare ɗaya, da safe ka baje tsibin da gora daga sama. Sai dai ka tuna irin ƙasar da muke kai. Yawancinta jigawa ce, rairayi mai saurin saki. Ramin da ba a ɗaure cikinsa da bulo ba, in ka tuttula masa ruwa da yawa, bangonsa zai zabge, dakalin ya rufta da wanda ke kansa. Zuba kaɗan-kaɗan, daidai kan tsibin, kada ruwan ya bi bango. In ka ga tsaga a dakali, ko ƙasar gefe ta fara lotsawa, ka toshe ƙofar makewayin da ƙaya a ranar, domin yaro ba ya duba inda yake takawa.

Ta zuba ruwa kuwa, in ta toshe, da wuya ka samu bayan gida ne ya toshe ta. Abin da aka jefa ne: ledar ruwa da aka sha aka yar, ƙunzugun jarirai na kanti, audugar mata, tsumma, totuwar masara, gutsuren kara, ko dutsen da baƙo daga ƙauye ya yi tsarki da shi yadda ya saba. Fara da mai sauƙi. Sami ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba, kada ya fasa tangaran ko ya lalata bututun roba. Zuba garin sabulu, ɗaga bokitin ka kwara a tashi ɗaya, ka jira kamar rabin awa. In bai wuce ba, naɗe tsumma a kan sanda har ya cika bakin kwanon, ɗaure shi tamau da igiya don kada ya zame ya ƙara maka aiki, ka riƙa dannawa kana jawowa, da ruwa a cikin kwanon. Jawowar ta fi dannawar amfani, domin abin da ake so shi ne abin ya dawo a cire shi, ba a cusa shi can gaba inda hannu ba ya kai ba. In wannan ma ya gaza, buɗe ɗan akwatin da magini ya bari tsakanin kwano da rami. In ka tarar da shi cike da ruwa tsaye, matsalar tana gaba: ko bututun ƙasa ya toshe, ko ramin ya cika. In busasshe ne, tana baya, wajen kwano. Daga nan sai ka zura tiyo ko waya mai ɗan lanƙwasa a kai. Wanda magininsa bai bar masa wannan akwati ba, sai ya fasa daɓe. In za ka gina sabuwa, ka tsaya a kan a yi maka shi ko da magini ya ce ɓata siminti ne.

Kuma in ka zaƙulo abin da ya toshe, kada ka tsaya tsakar gida kana faɗa. Yarinyar da ta jefa audugarta a rami kunya ce ta sa ta, ba ta da inda za ta ajiye ba a gani ba. Ajiye bokiti mai murfi a kusurwar makewayi, ka bar wa uwargida ta tsara yadda za a riƙa ƙonawa ko binnewa. Magana ta ƙare ke nan ba tare da an kunyata kowa ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonka don girman Allah. Kada ka zuba kananzir, ko fetur, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko kabayit ɗin masu walda, ko maganin ƙwari na gona. Za ka ji masu cewa suna sa rami ya sauka. A cikin ramin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin ƙazantar suna rage ta dare da rana. Saboda aikinsu, da kuma ruwan da ƙasa ke shanyewa, abin da mutum ɗaya ke bari a rami bai fi lita 40 zuwa 60 a shekara ba, alhali abin da ya fita daga jikinsa ya ninka haka sau da yawa. Gubar da ka zuba su take fara kashewa, ramin ya ƙara saurin cika, ragowarta kuma ta gangara cikin ƙasa ta nufi ruwan da ake sha. Bayan haka, rami da kansa yana fitar da iska mai kama wuta, irin wadda wasu ke tarawa daga kashin shanu su yi girki. Ka ƙara mata tururin fetur ko na kabayit, guntun taba ɗaya ya isa ya ɗaga dakali da wanda ke tsugune a kai. Ruwan jabel kuma in ya haɗu da ruwan batir, hayaƙin da yake tashi yana ƙona huhu. Abin da salgar gargajiya ke so ba shi da tsada: ɗan dintsin toka bayan an gama, da murfi a bakin rami ko kuma bututun iska da ya zarce rufin da kamu ɗaya, a ɗaure kansa da raga. Ƙuda ya bi haske ya hau bututun, raga ta tare shi, ya mutu a nan. A Zimbabuwe aka ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1970, ta kuma yaɗu a Afirka saboda tana aiki. Toka dai kada ta shiga kwanon zuba ruwa, za ta daskare a lanƙwasar.

Da wancan lissafi za ka iya sanin ranarka tun kafin ta zo. Gida mai mutum goma yana tara durum biyu zuwa uku a shekara. Rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 3 zai ɗauke su shekara 3 zuwa 5, in ba a zuba masa leda da shara ba, domin su ba sa ruɓewa. Ranar da aka zuba dakali, ɗauki ƙusa ka rubuta shekarar a jikin simintin tun yana ɗanye.

To, salga ta cika. In kana da fili, kamar yadda mafi yawan gidajen Malawa, Dogo-Dogo, Kwaya da Yekuwa suke da shi, kada ka yashe ta sam. Ɗauke dakalin, cike kamun da ya rage da ƙasa, ka tona sabon rami a gefe. Bar tsohon ya yi shekara 2 cif. Ƙwan tsutsar ciki shi ne mafi taurin rai a cikin abin da ke wurin, wannan tsawon lokaci ne ke gamawa da shi. Bayan nan abin da za ka tarar baƙar ƙasa ce marar wari, a kwashe da shebur a kai gona, ramin ya dawo aiki lokacin da na biyun ya kusa cika. In ba ka son tonowa, dasa gwanda ko mangwaro a kai, ka ga yadda zai tashi. Rami biyu da ake karɓa-karɓa da su sun isa gida har jikoki, ba tare da ƙafar kowa ta taɓa ɗanyar najasa ba.

Cikin garin Magarya da tsoffin unguwannin da gida ya manne da gida, ba kowa ke da wannan fili ba, dole sai an yashe. Motar zuƙe najasa ba kullum ake samunta ba, ba kowane lungu take shiga ba, kuma ƙazantar da ta daskare da leda ba ta zuƙuwa. Saboda haka aikin yakan koma hannun mutanen da ke zuwa da dare da bokiti da igiya da shebur, su fasa gefen rami, ɗaya ya sauka. A nan nake so ka buɗe kunnenka sosai.

Abin da ke kashe mai yasa ba nutsewa ba ce da farko, iska ce. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke maƙale a cikin ƙazantar. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Rami zai iya zama lafiya lau lokacin da aka buɗe, amma da shebur ya fasa ɓawon saman ya motsa na ƙasa, sai ta taso gaba ɗaya. Mugun halinta shi ne in ta yi yawa tana kashe jin wari a hanci. Mutum ya ce wa na sama warin ya ragu, alhali a lokacin ne ya fi kusa da halaka. Numfashi kaɗan, gwiwa ta saki, ya kife. Na sama ya kira sunansa bai amsa ba, sai ya dira don ya ɗauko shi, shi ma ya kife. Na uku ya bi. Haka ake fitar da gawa biyu, uku, daga rami ɗaya, sau da yawa 'yan uwan juna, kowa ya shiga ne don ceton ɗan uwansa. Dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila a ga ko za ta mutu ba ta da amfani a nan. Wuta na iya ci lafiya a inda wannan iska ta isa ta kashe mutum, ga kuma haɗarin ta tayar da gobara.

Don haka sharaɗinka na farko da duk wanda ka ɗauka shi ne a yi aikin daga sama: bokiti a bakin doguwar sanda, a jiƙa da ruwa, a kwasa iya inda hannu ya kai. Ba dole ne a ga ƙasan rami ba. Rage mita ɗaya ko ɗaya da rabi ya ba ka shekara guda ko biyu, kuma ƙoƙarin kai wa ƙasa ne ke sa bango ya rufto. In har ba makawa sai an sauka, a buɗe ramin gaba ɗaya ya sha iska na sa'o'i, a motsa ƙazantar da gora daga sama kowa ya ja baya, a sake jira. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ƙarti biyu suna riƙe da ita, ba su da wani aiki sai wannan. Su riƙa yi masa magana, da muryarsa ta canja ko ya yi jinkirin amsawa, a jawo shi ba tare da shawara ba. Kowa kuma ya ji daga bakinka tun kafin a fara: in wani ya faɗi, da igiya za a fitar da shi, ba mai dira. Tsumman da ake ɗaurawa a hanci yana tare fallatsi, ba ya tare wannan iska, kada wani ya dogara da shi. A yi aikin da rana ko da asuba ana gani. Kunyar maƙwabta ce ke sa a yi shi cikin duhu, kunyar nan kuwa ba ta kai ran mutum ba. Wanda ka ga ya sha wani abu don ya jure wari, sallame shi ya dawo gobe da hankalinsa.

Kada ka sa yaro. Kada ka kira almajiri ka ba shi tuwo da 'yan kuɗi ya shiga ramin da ba za ka bar ɗan cikinka ya leƙa ba. Iyayensa amana suka kawo shi garinku.

Mutumin da ya yi maka aikin nan, ka saya masa takalmin roba da safar hannu, ka tanadar masa ruwa da sabulu da wurin wanka, ka biya shi abin da kuka yi ciniki a take ba tare da ja-in-ja ba. In ka gamu da shi a kasuwa ka ba shi hannu, a masallaci ka matsa masa a sahu. Ya ɗauke wa iyalinka abin da kai ba za ka iya ɗauka ba. Raina irin waɗannan mutane da muke yi shi ke sa su aiki a ɓoye, cikin gaggawa, ba kayan kariya, kuma a nan ake mutuwa.

Saura inda za a kai abin da aka kwaso, kuma a nan haƙƙin ya fita daga gidanka ya shiga na jama'a. Na san abin da ake yi: a tona ɗan rami a lungu a juye a yayyafa ƙasa, ko a jira hadari ya haɗo a buɗe wa ruwan sama ya tafi da shi. Ruwan nan kududdufi yake zuwa, inda yara ke wanka, mata ke wanki, dabbobi ke sha. Ƙasarmu kuma ƙasar Korama ce. A fadamun Waca da Bande da Guci, inda ake noman rake da kayan lambu, ruwa yana kusa ƙwarai, wani wuri ɗan tono kaɗan ka same shi. Ni'imar da ta ba mu lambu ita ce ke sa ƙazanta saurin isa rijiya. Ƙa'idar ma'aikatan tsafta ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin najasa da rijiya, ƙasan ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi zuwa biyu sama da inda ruwa ke kaiwa da damina, ba da rani ba. In unguwarku a kwari take, gajeren rami za ka yi, ka ɗaga ginin sama da ƙasa. Abin da aka yaso a zuba shi a durum mai murfi, a ɗora a amalanke, a kai tudu nesa da gari da rijiya, a binne da ƙasa mai kauri. Inda ya zuba a hanya ko a tsakar gida a wanke da ruwan jabel.

Mun karanta a Ahalari da Ishmawi da Risala cewa ruwan da najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarki, mun kuma san addini ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu. Ka ƙara da wannan sani: ƙwayar kwalara ba ta canja ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai fito garau, da sanyinsa da daɗinsa, yana ɗauke da ita. A 2018 amai da zawo, wato kwalara, ya ɓarke a Madarunfa ta jihar Maraɗi, ya kama fiye da mutum 3,000 a ƙasar, sama da 70 suka rasu. A 2021 ya dawo da ƙarfi, ya kama fiye da 5,000, ya kashe sama da 150, jiharmu ta Damagaram tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ko ba annoba, je ka sashen yara na asibitin Magarya, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara aiki tun 2005, ka ga yadda yake cika da damina. Zazzaɓin sauro da tamowa ke kai yawancinsu, amma zawon da yaro ke yi yana warkewa yana komawa yana daga cikin abin da ke zubar da shi har tamowa ta kama shi. In wani a gidanka ya fara zawo kamar ruwan shinkafa bayan an yi yasa a unguwa, haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha kuna kan hanyar likita. Kwalara tana iya gamawa da babban mutum cikin yini ɗaya.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, gara a koma daji kamar da. Dajin ya ƙare, ɗana. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, yau kuwa an haifi wasu masu yawa a kai. Gona ta haɗe da gona, bayan garinku gaban garin wasu ne. Har yanzu fiye da rabin mutanen Nijar a fili suke biyan buƙata, kuma garuruwa da dama da suka gina salga suka yi bikin daina fita daji sun koma gidan jiya a ranar da ramukan farko suka cika ko suka rufta, saboda ba wanda ya yi shirin wannan rana. Maƙwabtanmu na Jigawa, da muke cin kasuwar Maigatari tare, an ayyana jiharsu a 2022 a matsayin ta farko a Nijeriya da ta daina bayan gida a fili. Harshenmu ɗaya da su, ƙasarmu iri ɗaya, rairayin da ke zabge mana rami shi ke zabge nasu.

Abu ɗaya ne ba za ka iya kai kaɗai ba, shi ne wurin zubarwa. Tara magidantan unguwarku ku je wurin mai unguwa, shi ya kai ku ma'aikatar magajin gari, ku nemi a ware fili a kan tudu, nesa da rijiyoyi, inda kowane mai yasa zai riƙa kaiwa yana binnewa. Ku haɗa kuɗi ku sayi igiya mai ƙarfi, da takalman roba, da durum biyu masu murfi, a ajiye a gidan mai unguwa, duk wanda zai yi yasa ya ara. Maganar iskar rami kuma, da hana dira ceton wanda ya faɗi, ka kai ta ga limaminku, ka roƙe shi ya faɗa wa jama'a ranar Juma'a kafin ruwan farko ya sauka.